Akuyata da Mai Makirfo

Kafin wata ta ce kishi ya yi mini yawa, ta dakata ta ji yadda aka yi tukuna. Ni ba mai yawan zargi ba ce, ku tambayi kowa a gidanmu. Amma akwai irin dariyar da idan namiji ya yi ta saboda wata mace, ke da kike gefe sai kin ji ta har cikin haƙarƙarinki. Ita na ji, kuma tun ranar ban koma daidai ba.

Ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke kirana, kuma zane ne sana'ata. Shi kuwa Injiniya muke ce masa, duk da ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba, kwamfuta ce gonarsa. Dogo ne siriri mai gilashi, irin mutumin da idan kika yi masa tambaya sai kin manta kin yi ta kafin ya amsa. Mu biyu muka haɗa kai muna yin gem, irin wanda ake bugawa a waya da kwamfuta. Ba kamfani a bayanmu, ba kowa. Ɗaki ɗaya muka kama a saman shagon wani mai gyaran firji: teburi biyu, fanka mai kuka kamar ana yankanta, da taga mai kallon rufin maƙwabta da igiyoyin shanyarsu.

Daga wannan tagar akuyata ta fito. Labarin wata akuya ce da ɗanta ya ɓata, tana bin rufin gidaje tana nemansa. Ni na zana ta, fara tas mai baƙin kunne ɗaya, da idanu kamar ta kwana tana kuka. Na zana sararin samaniya da yamma, na zana tantabaru, na zana tankunan ruwa da tsatsar kwano. Shi kuma ya sa mata rai, ta riƙa tafiya tana tsalle.

A cikin aikin nan ya ce yana sona. Ko kallona bai yi ba, idonsa na kan allon kwamfuta.

"Ranar da akuyar nan ta tsaya da ƙafafunta, zan je wajen Baba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuma da shegen son zuciya na ji kamar waƙa ya rera mini.

Shekara ta zagayo, wata shekarar ta kama hanya, akuya na nan a kwance. A gida kuwa Mama ta fara.

"Ke Auta, wai ita wannan akuyar taku yaushe za ta haihu ne?"

"Mama, ana kan aiki."

"Ana kan aiki. Tun kina sa wancan koren takalmin ake kan aiki, ga shi har ya mutu kin ba da shi."

Da muka gaji, muka saki ɗanɗano, wato wani ɗan yanki na gem ɗin kyauta, don mutane su gwada. Shiru kamar an aiki bawa garinsu, in ji masu... a'a, bari in faɗa muku a sarari: ba wanda ya kula mu. 'Yan tsirarun da suka sauke shi ba su daɗe ba suka fita. Ɗaya ya rubuta mana, "Zanen ya yi kyau." Wani ya ƙara a ƙasansa, "Kyau kam akwai, amma barci ya ɗauke ni." Na yi kuka ranar, ban ɓoye muku ba.

Bayan 'yan kwanaki Injiniya ya juyo da kujerarsa.

"Na samo wadda za ta taya mu talla."

Wadda. Tun daga nan kunnena ya tashi.

Washegari da hantsi ta zo. Turarenta ne ya riga ta hawowa bene. Gajeriya ce, cikakkiya, mai wushirya, da wasu 'yan kunne manya kamar murfin kofi. Sana'arta buga gem a intanet, mutane na kallonta kai tsaye tana surutu, kuma tana yi wa ƙananan masu gem irinmu talla. Makirfo ɗinta na cikin jaka duk inda ta je, shi ya sa a zuciyata na raɗa mata Mai Makirfo, kuma da shi zan kira ta a nan.

Ta gaishe ni da fara'a har da riƙe mini hannu. Ta ja kujerata, tawa fa, ta zauna.

Injiniya ya fara, "To, abin da za ki fara yi shi ne..."

Ta ɗaga masa hannu. "Kar wanda ya yi mini bayani. Wanda zai saya ba zai same ku a gefensa ba."

Gem ɗin ya buɗe da abin da na fi alfahari da shi: rana tana faɗuwa a hankali, akuya na tsaye ita kaɗai, rubutu na fitowa yana ba da labarin yadda ɗanta ya ɓata. Wata guda na yi a kan wannan wurin. Ita kuwa sai danna madanni take, tana neman ta wuce.

"Har yanzu ba a ba ni akuyar ba?"

Na kau da kai.

Da aka ba ta, ta yi tafiya, ta yi tsalle, ta faɗi. Ta jira aka dawo da ita. Ta sake faɗuwa. Na ga ta kai hannu ta rufe hamma. Can sai ta yi wani tsallen banza, akuya ta afka cikin igiyar shanya, ƙahonta ya maƙale a wani wando. Igiyar ta miƙe, ta miƙe, sannan ta cilla akuyar sama, ta tsallake rufi bayan rufi da wandon a kanta, ƙafafun wandon na kaɗawa kamar tuta.

Mai Makirfo ta fashe da dariya har da buga teburi.

Injiniya ya daburce. "Yi haƙuri, kuskure ne, igiyar bai kamata ta... zan gyara."

"Ka gyara in ɗauki jakata! Malam, wannan ai shi ne gem ɗin!"

Ta koma ta sake yi da gangan. Wannan karon akuyar ta tashi da ɗan kamfai a ƙaho ta dira cikin tankin ruwa. Mai Makirfo ta canza murya ta ce, "Wayyo, na maigida ne!"

A nan ya yi ta. Injiniya, mutumin da na shekara ina kwaso masa labaran ban dariya yana biyana da murmushin gefen baki, ya jefa kai baya yana ƙyaƙyatawa, har sai da ya cire gilashi ya goge hawaye. Ban taɓa sanin yana da wannan muryar ba. Ina tsaye jikin taga da kofin shayi a hannu, na ji kamar baƙuwa ce ni a ɗakin.

Da ta natsu ta juyo gare ni. "'Yar'uwa, hannunki akwai baiwa, wallahi ban taɓa ganin akuya mai kyan wannan ba. Amma mutum ba kallo ya zo yi ba. Yatsunsa yake so su ji daɗi. Ki fara ba shi dariya, daga baya ya yarda ki sa shi kuka."

Na ce, "Na gode." A zuci kuwa abin da na ce ba zai rubutu ba.

Daga ranar aka shiga yankan akuyata. Aka cire dogon labarin farko, kana buɗewa akuya na kan rufi, igiya na gabanta. Idan ta faɗi babu jira, nan take ta dawo. Mai Makirfo ta sa Injiniya ya yi wa tsallen sassauci, ko ƙafar akuya ta ɗan zarce bakin rufi, in ka danna za ta tashi, wai don kar mutum ya ji gem ɗin na yi masa mugunta. Idan ta dira, allo ya ɗan girgiza, kwano ya ce kwaram. Ni kuma aka ce in zana kunnuwan suna faffaka a iska, idanun suna zazzarowa. Hatta sunan ba ta bari ba. Mu Hanyar Gida muka sa masa, ta ce wannan sunan makarantar koyon tuƙi ne, ta mayar da shi Ɓarauniyar Shanya. Hoton da ke shafinmu na sayarwa, mai faɗuwar rana, ta sa aka sauke, aka ɗora akuya da wando a ka.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Wata rana da suka fita na ɗauka na buga ni kaɗai, sai na tsinci kaina ina dariya, ina cewa bari in ƙara sau ɗaya, har shayina ya huce. Da ba ta iya aikinta ba da na samu abin riƙewa. Ta iya, shi ne matsalar.

Ga kuma waya. Ta buɗe mana gurup mu uku. Injiniyan da na sani, in kin rubuta masa shafi guda "To" zai maido miki. Yanzu tana ajiye saƙon murya, kafin in gama saurara ya jero fuskokin dariya. Rannan na gwada shi. Na tura masa ta gefe:

"Ka ci abinci?"

Shiru. A gurup kuwa ta turo, "Injiniya, a ƙara wa igiyar ƙarfi kaɗan," nan da nan ya amsa, "An gama ranki ya daɗe." Ranki ya daɗe! Sai can bayan la'asar nawa ya samu amsa: "Eh."

Sannan ya fara goge riga. Mutumin da ke zuwa aiki da riga kamar daga bakin akuyarmu aka ƙwato ta.

To ni ma ba a bar ni a baya ba. Ta ce gem ɗin na buƙatar wanda zai riƙa korar akuyar, don zuciyar mai bugawa ta riƙa bugawa. Aka ce in zana matar da ke da shanya, da tsintsiya a hannu. Na zauna na gyara zama. Na yi ta gajeriya. Na buɗe mata wushirya har iska na wucewa. Na rataya mata 'yan kunne kamar murfin tukunya, na yi mata baki har kunne. Ina yi ina jin sanyi a raina, na ce yau za ta san ni ma ina da makami.

Da na juya musu allon, suka matso suna kallo. Injiniya ya kalle ni ta saman gilashi. Ita kuwa ta dafe ƙirji.

"Ni ce! Wallahi ni ce! Wayyo Allah, har da wushiryata!"

Ta rungume ni har mayafina ya zame. Nan take ta zaro makirfo ta ɗauki muryar: "Ke akuya! Ajiye mini rigata, ta fita unguwa ce!" Ta ce ba a taɓa yi mata kyauta irin wannan ba. Ni 'yasu, na haƙa rami na faɗa da ƙafafuna biyu.

Ta ce yanzu lokacin gajerun bidiyoyi ne, kuma mutane sun fi sayen abu idan sun ga fuskar masu yinsa. Ta ce mu zauna mu uku gaban kyamara. Na murguɗa baki na ce ni ba na shiga kyamara. Jira nake Injiniya ya lallashe ni, ya ce in babu ke babu ni. Sai ya ce, "To ba komai, tunda ba kya so."

Suka zauna su biyu, kafaɗa kusa da kafaɗa, ni na riƙe musu wayar. Shi yana bugawa, ita tana ihu tana bin akuya da muryar mai tsintsiya. Bidiyon ya tashi kamar wutar kara. Jerin masu jiran gem ɗinmu, wanda a da danginmu ne kawai a ciki, ya riƙa hawa har Injiniya ya daina rufe shafin. Wasu masu buga gem a intanet da ta tura wa suka fara bugawa su ma. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, rabi.

Ɗaya rabin yana ƙarƙashin bidiyon, wajen sharhi.

"Ku biyun nan kun dace wallahi."

"Allah ya bar ku tare, a gayyace mu."

Sai wanda ya gama da ni: "Kai jama'a, har zana ta ya yi a cikin gem ɗinsa. So ke nan!"

Zanena. Zanen da na yi da baƙin ciki, shi aka mayar shaidar soyayyarsu.

Ranar hutun ƙarshen mako Yaya ta zo gida. Ita ce babbarmu, mai aure da 'ya'ya, kuma bakinta ba ya da birki. Ina falo ina ninke kaya ta shigo da waya a hannu ta zauna kusa da Mama.

"Mama, kin ga surukinki ya zama tauraro?"

Mama ta karɓa ta nisanta wayar da fuskarta tana kallo. Ta yi dariya da akuya ta tashi sama, sannan dariyar ta tsaya.

"Wace ce wannan mai manne masa?"

"Mai talla ce, Mama," na ce.

"Me take tallatawa, gem ɗin ko kanta?" in ji Yaya. "Auta, ke kina ina aka ɗauki wannan?"

"Ni na riƙe wayar."

Yaya ta tafa hannu. "Ke kika riƙe! Sannu da ƙoƙari. Gobe sai ki riƙe musu fitila."

"Ya isa," in ji Mama. Ta ajiye wayar a kan cinyarta ta dube ni, muryarta ta sauka. "Auta, ni ban ce yaron nan mugu ne ba. Amma Babanki ya yi mini magana, ya ce haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Ko ya zo a san da shi, ko ki bar hawa benen nan. Ni na gaji da tare miki."

Na shige ɗaki da kayan a hannu, na zauna bakin gado ina kallon bango.

Da na koma aiki na same shi shi kaɗai.

"Ka ga abin da suke rubutawa?"

"Na gani."

"Ba za ka ce musu komai ba?"

Ya gyara gilashi. "Ta ce kar mu gyara musu. Wai surutun na ƙara mana masu jira."

"Ta ce."

"Auta, talla ce kawai."

"Dariyar ma talla ce? Gugar rigar fa?"

Ya dubi rigarsa kamar yau ya fara ganinta. "Ke kika ce in riƙa gogewa, tun bara."

Haka ne kuma, na faɗa. Amma me ya sa sai bana ya ji?

Ana haka ta samo mana teburi a wani baje kolin ƙananan masu gem, a babban zauren wani otal. Na ce yau za a san akwai ni. Na sa doguwar rigata ruwan ganye mai duhu, mai ƙananan duwatsu a wuya, na yafa mayafi ruwan madara, na hau takalmi mai tsini wanda tun a bakin ƙofa na fara da-na-sani. Ina isa na hango su. Riga iri ɗaya suka sa, fara, da akuyata a ƙirji da wando a ka.

"Ga taki nan!" ta ce, tana miƙo mini leda. "Na ce a gurup kowa ya zo a shirye ya canza, ba ki gani ba?"

Na gani. Ban buɗe ba ne, don muryarta ce. Ina zan sa wannan a kan rigar duwatsu? Haka na tsaya a gefensu kamar wadda ta ɓata hanya daga wajen walima.

Amma mutane sun zo. Layi aka yi a teburinmu har ya tare na maƙwabcinmu, wani bawan Allah mai gem ɗin jiragen yaƙi da ya yini yana hararar mu. Ta hana mu yi wa kowa bayani, ta ce mu kalli fuska da yatsu kawai, duk inda mutum ya ɗaure fuska mu riƙe wurin a kai. Na ga dattijo mai furfura yana dariya har hularsa ta karkace. Na ga wata mata ta ƙwace madannin daga hannun mijinta.

Wata budurwa mai hijabi ruwan toka ta daɗe tana bugawa har ta kai ƙarshen ɗanɗanon. Wurin nan shi kaɗai na kafe a kansa na ce ba za a taɓa ba: hayaniya ta ɗauke, mai tsintsiya ta gaji ta zauna, akuya ta hango ɗanta a wani rufi can nesa, ta yi kuka, ya amsa. Budurwar ta ajiye madannin a hankali. Idanunta sun ciko.

"Wa ya zana wannan?"

Kafin in buɗe baki Mai Makirfo ta kamo hannuna ta jawo ni gaba. "Ga ta nan. Duk abin da kika gani a allon nan, hannunta ne. Mu surutu kawai muke yi."

Kun gani ko? Ko tsanarta ba ta bari in yi cikin kwanciyar hankali.

Da rana ta yi sai ga wani mutum mai kwat, da kati rataye a wuya. Ya buga, bai yi dariya ba, amma bai tashi ba. Ya ce daga wani kamfani yake mai ɗaukar ƙananan gem ya kai su kasuwar duniya. Ya ce ko za su sha shayi tare. Su. Ya dubi masu riga iri ɗaya.

"Auta, ɗan kula da teburin," in ji Injiniya.

Daga inda nake ina hango su ta gilashin wajen shan shayi. Ita ke magana da hannuwa, mutumin na gyaɗa kai, Injiniya na kallonta kamar ita ta ƙirƙiro magana. Ƙafafuna na zugi, ina yi wa baƙi murmushi, idona na kansu.

Da suka dawo na wuce banɗakin mata don in cire takalmin nan ko na ɗan lokaci. Ina tsaye gaban madubi ba takalmi ta shigo. Ta ajiye jaka tana gyara ɗan kunne, muka haɗa ido ta cikin madubin.

"Tun ranar da na zo kike kallona kamar na ɗauke miki wani abu," ta ce. Babu wasa a muryarta. "Kuma na san mai tsintsiyar nan ba don ƙauna kika zana ta ba. Ni ba yarinya ba ce."

Kunya ta kama ni, amma na riga na gaji.

"To tunda haka ne in tambaye ki. Kina sonsa?"

Na zaci za ta yi dariyar nan tata. Ba ta yi ba. Ta buɗe famfo ta wanke hannu, ta rufe.

"Ban taɓa ce masa komai ba. Shi ma bai taɓa ce mini ba. Kullum zancensa Auta ta ce, Auta ta zana."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Na yi wa mutane da yawa ƙarya a gaban kyamara, aikina ne. Ke ba zan yi miki ba. Don haka kar ki sake tambayata."

Ta fita ta bar ni da takalmi a hannu.

Washegari ban je aiki ba, na ce kaina ke ciwo. Da la'asar ina kwance da tsohuwar rigar zaman gida, sai Mama ta faɗo ɗakin har tana tuntuɓe da tabarmar ƙofa.

"Tashi! Tashi ki wanke fuska! Ya zo, shi da kawunsa, suna falon Babanki!"

Na miƙe zaune. "Wa?"

"Wa kuwa? Mai akuya!"

Na diro daga gado. Na sa riga a bai-bai, na cire na sake sawa. Mama na ta kiran Yaya a waya tana cewa ai dama ta san yaron kirki ne. Bayan ɗan lokaci aka ce yana bakin ƙofar gida, yana son magana da ni kafin Baba ya kira ni.

Na same shi tsaye jikin mota, cikin manyan kaya da ban taɓa ganinsa da su ba. Ya yi kyau, Allah ya sani. Duk fushina ya narke, na ji kunyar zargin da na yi ta yi.

"Na cika alkawari," ya ce. "Mutumin jiya ya kira da safe. Za su ɗauki gem ɗin. Akuya ta tsaya da ƙafafunta, Auta."

Na rufe baki da mayafi, hawaye na zubo mini. "Alhamdu lillahi."

"Sai dai akwai abu ɗaya. Suna so a ƙarasa shi a ofishinsu, a can ƙasarsu. Wata shida, ko ya ɗan fi. Da na dawo sai a yi bikinmu, haka na gaya wa Baba."

"Ba komai, ai aiki ne. Kai kaɗai za ka?"

Ya kalli ƙasa.

"Mutum biyu suka ce."

Wani daɗi ya taso mini, har na fara tunanin yadda za a shawo kan Baba a ɗaura aure kafin tafiya. Sai na lura bai ɗago ba.

"Kai da wa?"

"Auta, ki fahimce ni. Sun ce zane ana iya turowa daga ko'ina. Amma tallan, dole sai mai yinsa na kusa da mutanensu, kuma da fuskarta aka san..."

"Kai da wa, Injiniya?"

"Ni da ita."

Wata mota ta wuce, na ji ƙararta kamar daga wata duniya.

"Ita ta san da wannan jiya?"

"A wajen shayin aka fara zancen."

Ashe da ta tsaya gaban madubi tana ce mini ba za ta yi mini ƙarya ba, ta riga ta san inda za ta.

"Ka gaya wa Baba da wa za ka tafi?"

"Na ce tafiyar aiki ce. Sauran bayanin ba sai... Auta, don mu nake yi. In na ƙi, shi ke nan, mun koma saman mai gyaran firji."

Daga cikin gida muryar Mama ta taso, cike da murna. "Auta! Babanki na kira!"

Na goge fuskata da gefen mayafi na shiga. Baba na zaune a kujerarsa, kawun Injiniya na gefe yana murmushi, Mama ta laɓe bayan labule ana ganin ƙafafunta. Na durƙusa na gaishe su.

"To Auta," in ji Baba, "yaron nan ya zo da magana mai kyau, kuma na yaba da hankalinsa. Amma ni ba na yanke wa 'ya'yana hukunci. Kin amince ki jira shi ya je ya dawo?"

Na ɗago kai. Muryata ta fito a natse, har ni kaina na yi mamaki.

"Baba, kafin in amsa, a kira shi ya shigo. A gabanka nake so ya maimaita abin da ya gaya mini yanzu a bakin ƙofa."

Murmushin kawun ya ɗauke. Bayan labule, na ji Mama ta ja numfashi.